Zuwa ga ɗana da ke Kaduna

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka sani.

Kawunka ya dawo ya ce ya gan ka a ƙofar Lugard Hall, ginin majalisar dokokin jiha, riƙe da jakar wani ɗan majalisa, wai har ka ajiye koyarwa. A bakinsa na ji, ba a bakinka ba. To, madalla.

Ginin nan na riga ka saninsa. Ina yaro kakanka ya tsayar da ni a bakin titi, ya nuna mini ƙubbarsa da sandarsa, ya ce nan ake yanke maganar Arewa. Haka ne kuwa. Tun zamanin Turawa a nan Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Jihar Arewa suke zama. Sardauna ya zama Firimiya a 1954, ran 15 ga Maris 1959 Arewa ta samu mulkin kai. Sai ga Janairun 1966, soja suka kashe shi, majalisa ta watse, kowa ya kama gabansa. Da farar hula suka dawo a 1979, ba a cika shekara biyu ba majalisar jiha ta tsige Balarabe Musa. Gwamna fa, mai jiniya.

Kai da wa ka dogara? Kujera 34 ce a ciki yanzu, kowacce ta haya ce, shekara huɗu. Ran da maigidan naka ya faɗi zaɓe, ko jam'iyya ta hana shi tikiti, wa zai tuna da mai riƙe jaka? Abin da ke hana ni barci ke nan. Ina hango ka da shekara arba'in, da iyali, kana zaman benci a ƙofar gidan wani kana jiran a fito. Ban sayar da gonar fadama don wannan ba. 

Albashin malami kaɗan ne, na yarda, ni ma da shi na raine ku. In aikin majalisar kake so, nemi na ma'aikatanta, masu rubuta bayanan zama, waɗanda zaɓe ba ya korar su.

Innarka ba ta sani ba tukuna. Ka zo kafin Sallah ka faɗa mata da bakinka. Ta ajiye maka daddawa da kuka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka