Zuwa ga Babana, kan maganar lasisin farautar elk

Assalamu alaikum.

Babana, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, sai dai zafi da ya fara leƙowa.

Na ga saƙonka, na kuma ga hoton bakan nan mai 'yan tayoyi a kai da gindi da kake son saya. Ka ce in zaɓar maka makami da yanki na farautar elk, babbar dabbar dajin nan dangin barewa, kafin Talatar farko ta Afrilu, ranar da hukumar namun dajin jihar Kolorado ta Amurka ke rufe shiga ƙuri'ar rabon lasisi. Da gangan na ƙi amsa maka ta waya, don na san halinka, za ka ce "to Baba" ka je ka yi abin da ka riga ka ƙudura.

Ga shawarata: bana ka nemi lasisin harbin macen elk, da bindiga, a yankin da za ka iya zuwa ka taka da ƙafarka sau biyu ko uku kafin lokaci ya yi. Na san ba abin da kunnenka ke son ji ba ke nan.

Ban ga laifinka ba da baka ya ja hankalinka. Lokacinsa daga 2 zuwa 30 ga Satumba ne, daidai lokacin barbara, ganyen itatuwa ya koma ruwan ɗorawa, bijimai na ta wannan kuka nasu mai farawa da gurnani ya ƙare da fito. Wanda ya taɓa jin sa da asuba a cikin kwari ba ya mantawa. Amma kibiya sai ka kusanci dabba kamar mita 30, kuma elk hancinsa ya fi idonsa. Iskar dutse da sassafe gangarowa take yi, in rana ta ɗaga ta juya ta hau. Ka kuskure wannan sau ɗaya, garken ya tsallake tudu biyu kafin ka ɗaura igiyar takalminka.

Ban taɓa ba ka labarin shekarata ta uku a can ba. Na yi rani guda ina harbin allo a bayan gida har na ɗauka na zama gwani. Ran nan wani bijimi ya fito mini tsakanin itatuwa, kusa ƙwarai, har ina ganin tururin numfashinsa. Hannuna na rawa na saki. Kibiyar ta same shi baya da inda ya kamata, wajen tumbi. Ni da abokin tafiyata muka bi sawu kwana biyu, jini ɗigo-ɗigo a kan ganye, daga baya sai jan ƙafa a ƙasa, daga nan babu komai. Ba mu gan shi ba. Doka ba ta kama ni da laifi ba, amma na san na bar halittar Allah ta mutu a wahale, hankaki da kerkeci suka ci abin da na yi bisimilla a kansa. Shekara biyu ban sake taɓa baka ba. Allo ba ya numfashi, Babana, kuma ba ya sa zuciyar mutum dukan uku-uku.

Akwai kuma zafin Satumba. Ko ka kashe, in ba ka feɗe ka rataye cinyoyi da karfata a inuwa da wuri ba, nama ya fara lalacewa daga jikin ƙashi, ga ƙuda.

Bindigar da ake ɗurawa ta baki kuwa, dariya ta ba ni ranar da na fara ganin ta a hannun Bature. Adaka ce fa, irin ta kakanka mai sunanka, sai dai an yi mata gyaran zamani. Kwanakinta tara ne a tsakiyar Satumba, sai ta ƙuri'a, kuma Kolorado ba ta yarda a ɗora mata madubin hange ba, da ido za ka saita. Harbi ɗaya gare ka, hayaƙi ya rufe maka fuska, kafin ka sake ɗura albarushi dabba ta yi gaba. Kakanka ya iya ta don tun yana yaro yake bin maharba. Kai a ofis ka girma. Bar ta tukuna.

Saura bindigar harsashi. Doka ta ce faɗin bakinta kada ya gaza .24 na inci, amma kada ka tsaya a nan, nemi .30-06 ko .308 ko .270, harsashinsu ba ya wuyar samu a kowane ƙaramin gari. Elk ba barewa ba ne. Ka ƙiyasta gwanki ka ƙara: bijimi kan kai kilo 320, mace kamar 225. Ka riƙa zuwa filin gwaji tun daga bazara, ba kan tebur kaɗai ba, a durƙushe, a kwance, da jaka a bayanka kana haki. Nisan da harsashinka biyar suka faɗa cikin faɗin faifai ɗaya, shi ne iyakarka, ko da mita 150 ne. Abin da ya wuce haka ka bar shi ya tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zangon bindiga huɗu ne, daga Oktoba zuwa Nuwamba. A na biyu da na uku akwai yankuna da yawa da ake sayar da lasisin namiji ba ƙuri'a, shi ya sa za ka tarar da dutse ya yi ja da rigunan maharba masu ruwan lemo kamar ranar kasuwa. Kuma a mafi yawan wuraren, namiji sai yana da rassa huɗu a ƙaho ɗaya, ko reshen goshi mai inci biyar. Sabon maharbi da zuciya na bugawa, ya tsaya ƙirga rassa cikin duhun magariba? A nan ake yin kuskuren da ke kai mutum gaban hukuma. Mace ba ta da wannan rigima, sun fi yawa, namansu ya fi laushi. Ƙaho dai ba a miya da shi, kuma ban ga inda matarka za ta yarda ka kafa mata shi a falo ba.

Maganar yanki. Kowa zai ce maka arewa maso yamma, wajen Craig da Meeker da tsaunukan Flat Tops, kuma gaskiya ne garken White River na cikin mafiya girma a duniya. Sai dai sanyin 2022 zuwa 2023 ya yi wa namun yankin mummunar ɓarna, har aka rage lasisi sosai, don haka ka duba alƙaluman hukuma na bana, kada ka dogara da labarin tsofaffi irina. Shiyyoyin farautar da ake zuzutawa, irin su masu lamba 2 da 10 da 201, lasisin namiji a can kan ci makin ƙuri'a fiye da 20, ga shi maki ɗaya ake samu a shekara, wato shekara ashirin kana jira. A takardar ƙuri'a, ka sa lambar neman maki kaɗai a zaɓinka na farko in kana so, ka sa mace a na biyu. Makinka bai taɓu ba, ga damar shiga daji. In duk ba a dace ba, a farkon Agusta ana sayar da ragowar lasisi.

Ka ce abokanka na zancen Montana da Wayomin. Can baƙo kake, kuɗin lasisi ya ninka sau da yawa, ga babban beyar nan grizzly a wasu sassan, wanda rabon da a tabbatar da shi a Kolorado tun 1979. Me zai kai ka?

Abin da nake so ka auna a taswira shi ne hanyar dawowa. Denba, babban birnin Kolorado, tana kan tsayin mita 1,600, inda elk ke zama a farkon kaka yakan haura 3,000, can numfashi ma aiki ne. Dabbar ba a bakin mota take faɗuwa ba, ƙasan kwari take gangarawa ta mutu. Mace ɗaya za ta ba ka nama kilo 70 ko fiye, kuma doka ta wajabta ka fito da cinyoyi biyu da karfata biyu da naman gadon baya da tantaƙwashi. Sawu huɗu ke nan a bayanka in kai kaɗai ne, wataƙila cikin dusar ƙanƙara. Kada ka wuce kilomita uku daga hanya a shekarar farko, kuma kada ka tafi kai kaɗai. Ka tabbatar ƙasar gwamnati kake takawa, don shiga gonar wani a can ba "sannu da aiki" ke raba ku ba. In yankin na da ciwon nan na ƙwaƙwalwa da suke kira CWD, ka kai kai a gwada kafin yara su ci.

Kada ɗoki ya mantar da kai bisimilla lokacin da za ka ja kunama. In ka iske ta da sauran rai, ka yanka. Wuƙa biyu za ka riƙe, gashin elk na dakushe kaifi da sauri.

Ka fara kammala karatun nan na maharba, don ana neman katinsa wajen ba da lasisi. In ka tsayar da shiyya biyu ko uku, turo mini lambobinsu. Tsofaffin taswirorina na nan cikin akwatin ƙarfe, wasu har da alamar maɓuɓɓugar da na yi da jan biro. Mahaifiyarka na gaishe ku, ta ce ka sayi safa mai kauri, kuma in an dace a yi wa jikokinta kilishi.

Naka,
Mahaifinka