Amsa ga 'yata da ta tambaye ni amfanin ƙawancen Jos da biranen ƙetare

Assalamu alaikum, 'yata.

Ina fatan kina lafiya, ke da iyayenki da abokan karatunki. A shirin rediyon da aka gayyace ni ranar Asabar, inda muka tattauna shawarar ƙulla ƙawance tsakanin Jos da wani birni na ƙasar waje, kin bugo waya kin ce ke ɗaliba ce, kika yi tambayar da lokaci ya ƙure ban amsa ta yadda ya kamata ba. Ga abin da kika ce: "Baba, garin da ɗan Anguwar Rogo ke shakkar magariba ta same shi a Anguwar Rukuba, na can ma ke shakkar shigowa nan, me zai je nema wajen ƙawa a ƙasar waje? Ba wata sabuwar hanyar yawon manya da kuɗin talakawa ba ce kawai?" Tun da a bainar jama'a kika tambaya, a bainar jama'a zan amsa.

Ina goyon bayan wannan ƙawance, kuma babban dalilina shi ne ainihin abin da kika fara kawowa. Garin da ke zaune lafiya ƙalau, in ya yi ƙawa a waje, ƙarin alheri ne kawai. Garin da ya ji ciwo irin namu, shi ne mai buƙata.

Asalin abin ma daga garuruwan da yaƙi ya ɗaiɗaita ya fito. A watan Nuwamba na 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus suka yi wa birnin Kobentiri na Ingila ruwan bama-bamai, har babbar majami'arsu ta ƙone. Da labarin yadda yaƙin ya ragargaza birnin Sitalingirad na Rasha ya iso musu, sai mata 830 na garin suka kawo ɗan abin da ya sawwaƙa, aka ɗinka sunayensu ɗaya bayan ɗaya da zare a jikin mayafin tebur, aka aika can tare da gudummawar. Ki duba wannan da kyau: mata ne waɗanda su ma garinsu ya sha bama-bamai, ba su da abin bayarwa sai kwabbai da allura da zare. A 1944 biranen biyu suka ƙulla ƙawance. Daga baya Kobentirin nan ta miƙa hannu ga Diresdin, birnin Jamus da jiragen Ingila da Amurka suka ragargaza a 1945, wato garin abokan gabarta na jiya.

Na Faransa da Jamus ya fi taɓa ni. A 1950, shekara 5 kacal bayan gama yaƙin, garin Mombeliyar na Faransa ya fara hulɗa da Ludwigsbag na Jamus. Magajin garin Mombeliyar da ya jagoranci abin, Lucien Tharradin, mutum ne da Jamusawa suka tsare a sansanin azaba na Bukenwal. Bai jira zuciyar kowa ta huce ba kafin ya fara. Yarjejeniyar da shugabannin ƙasashen biyu, De Gaulle da Adenauer, suka sa wa hannu ta zo ne a 1963, bayan mutanen ƙananan garuruwa sun riga sun daɗe suna kwana a gidajen juna. Yau garuruwa sama da 2,000 ne ke da irin wannan alaƙa tsakanin ƙasashen biyu.

Za ki ce, to ai su da waɗanda suka yi faɗa da su suka ƙulla, mu kuwa faɗanmu na cikin gida ne. Haka ne. Tun daga 7 ga Satumban 2001, zuwa 2008 da 2010, mun raba unguwanni, mun raba kasuwanni, a wurare da yawa ma mun raba makarantu. Na koyar a Jos lokacin da ajina guda ke ɗauke da Birom da Hausawa da Anaguta da Afizere da Ibo da Yarbawa da Fulani, kuma ina raye na ga zamanin da yaro zai gama sakandare bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. To ki yi tunanin a ɗebi matasa daga Gangare da Tudun Wada da Rikkos da Jenta da Bukuru, a zuba su a bas guda zuwa Kumasi ta ƙasar Gana. Za su kwana a hanya tare, su yi layi tare a kan iyakar Seme da ta Aflawo, wani ya tsare wa wani jaka ya je ya yi alwala, wata ta ba wata maganin ciwon kai. In sun isa aka tambaye su daga ina, amsarsu ɗaya ce: daga Jos. Sau da yawa mutum ba ya gane ɗan garinsu sai a baƙon wuri. Tarukan sulhu da ake yi a otal na yini guda ba sa iya haifar da abin da kwana biyu a cikin mota ke haifarwa.

Ba kuma sabon abu ba ne ga yankinmu. A 2013 Kaduna ta karɓi baƙuncin wani taro na biranen da rikici ya raba, inda aka sami mahalarta daga wurare irin su Arewacin Ayalan da Kosobo da Iraƙi. Mutumin Belfas, babban birnin Arewacin Ayalan, da ya tashi ya ga katanga ta raba unguwar Katolika da ta Furotesta yana da abin da zai gaya mana wanda baƙo daga garin da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba ba zai iya faɗa ba.

Sai tsoronki na biyu, na yawon manya. Nan kam kin yi gaskiya, kuma ba zan rage miki komai ba. Na ga irinsa. A sa hannu a takarda, a ɗauki hoto, a yi musayar kyaututtuka, tawaga ta tafi ta dawo da jakunkuna, a karɓi kuɗin guzuri, shi ke nan. In wa'adin masu mulki ya ƙare, ƙawancen ya bi su. Talakan garin bai ma san an yi ba. Irin wannan ni ma ba na so, kuma in shi za a kawo mana, da ni za a yi adawa da shi.

Abin da ke raba na gaskiya da na bogi shi ne wa ya tafi, kuma ina ya kwana. In malamar firamare ce ta tafi, da manomin dankali daga Bokkos, da ungozoma, da bakanike, da mai horar da yara ƙwallo, kuma aka sauke su a gidajen takwarorinsu, to an yi abin kirki. In kuwa jerin sunayen bai wuce masu muƙami da 'yan rakiyarsu ba, masauki kuma otal, to a bar kuɗin a gyara famfunan unguwa. Ragamar abin ta kasance a hannun kwamitin mutanen gari, da limamai da fastoci da 'yan kasuwa da mata da matasa a ciki, hukuma ta ba da goyon baya da takardu, a kuma riƙa karanta lissafin kuɗi a fili kowa ya ji. Dalilin nacewata a kan haka shi ne alaƙar hukumomi tana tsinkewa da sauri in siyasa ta juya. Ita kanta Kobentiri ta dakatar da ƙawancenta da Bolgograd, wato tsohuwar Sitalingirad, a 2022 bayan Rasha ta afka wa Yukiren. Abin da ke saura a irin wannan lokaci shi ne lambar wayar wanda ya taɓa cin tuwon gidanki.

Mu kuwa ba a kawo mana wannan darasi daga Turai ba. Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, su yada zango a Salaga, kuma a kowane gari akwai fatoma, mai masaukin da zai ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in an yi rigima. Ɗan fatoma ya gaji baƙin ubansa, ɗan falke ya gaji masaukin nasa uban. Daga nan aka sami zangunan Kumasi da Akara, inda har gobe za ki yi ciniki da Hausa daga safe zuwa dare. A Sudan akwai garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, wanda mutanenmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa. Gwamnatin Gana ta kori baƙi a 1969, tamu ta kori nata a 1983, ciki har da malaman Gana da muka yi aiki tare da su, mutanen kirki masu ƙwazo. Duk da haka auratayya da cinikayya da gaisuwar mutuwa tsakanin zango da gida ba su yanke ba. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar talaka ce ta riƙe ta.

Shi ya sa nake ganin kada mu kafa ido a kan Turai da Amurka kaɗai. Bizar waɗannan ƙasashe tana yi wa talaka wuya, kuɗin jirgi ma ya fi ƙarfinsa, don haka tun daga nan an tace masu tafiya sai masu hali. Gana kuwa, a ƙarƙashin yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979, ɗan Najeriya na iya shiga ya yi kwana 90 ba biza, kuma mota na kai shi.

In kuma za a je nesa, a je don dalili. Jos garin kuza ne. Ki fita ta wajen Rayfil ko Bukuru ko Barikin Ladi ki ga ramukan da kamfanonin haƙa suka bari, cike da ruwa shuɗi mai zurfi, gefensu tudun jar ƙasa da ko ciyawa ba ta son fitowa, ga yara na wanka a bakinsu, kuma kowa a nan ya san gidan da irin wannan ruwa ya ci wa ɗa. Akwai garuruwan da suka sha irin wannan. Yankin Konwal na Ingila ya rayu da kuza ɗaruruwan shekaru, faɗuwar farashi ta 1985 ta buge su kamar yadda ta buge mu, mahaƙarsu ta ƙarshe ta rufe a 1998, amma a 2006 UNESCO ta sa tsofaffin wuraren haƙarsu cikin kayan tarihin duniya, baƙi na zuwa kallo. A yankin Ipo na Maleshiya, wani garin kuzar, sun mai da tafkuna da yawa wuraren kiwon kifi da shaƙatawa. Ina so in ga masu noman rani da ke ban ruwa daga tafkunanmu sun zauna da mutanen can, su tambaye su yadda suka auna lafiyar ruwan, da yadda suka killace bakin ramukan.

Kada kuma mu je da ƙoƙon bara. Ƙawancen da ɗaya ke bayarwa kullum ɗaya na karɓa ba ya daɗewa, kuma yana zubar da mutunci. Muna da abin nunawa. Gidan tarihin Jos tun 1952 yake, ga gumakan Nok da aka fara tono su a wajen haƙar kuza, waɗanda suka haura shekara 2,000, ga harabar gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya, ga makarantar koyon aikin fim, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke garin Bom. Ga acca da gwate, ga sanyin da baƙo ba ya mantawa.

Saboda haka, 'yata, roƙona gare ki shi ne kada ki tsaya a tambaya. Ba sai an jira wata hukuma ta sa hannu ba. Ki nemi ƙawayenki daga unguwannin da ba kya shiga, ku sami malami guda da zai tsaya muku, ku rubuta wa wata makaranta a Kumasi ko Tamale. Ku fara da wasiƙu da hira ta WhatsApp, ku ba su labarin garinku, da daɗinsa da ɗacinsa, su ba ku nasu. In abin ya kama har ta kai ga ziyara, ku zo ku same ni ta hannun masu shirin. Ina da ɗakin baƙi, kuma na yi magana da wani tsohon abokin aikina da ke Tudun Wada, shi ma ya ce zai sauki biyu.

Ki gaida mutanen gida.

Wassalam,
Babanki, tsohon malamin makaranta, Jos.