A Duba Faffaɗan Kebul Kafin A Ce Na'ura Ta Mutu

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin masu gyaran kayan lantarki kan faffaɗan kebul ɗin nan mai kama da kintinkiri, wanda suke kira fileks. Tun a 1956 kamfanin Cicoil na Amurka ya ƙera irinsa na farko, kuma yau da wuya a buɗe firinta, ko talabijin, ko kwamfutar tafi-da-gidanka, ba a tarar da shi ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake saurin cewa allo ya ƙone ko na'ura ta mutu, alhali laifin na wannan kebul ne. Layukan jan ƙarfen da ke cikinsa sirara ne ƙwarai, sau da yawa rabin milimita ke tsakanin layi da layi, don haka yawan lanƙwasawa kan tsinka guda ɗaya a ciki ba tare da ido ya gani ba. Idan hoto yana ɗaukewa yana dawowa duk lokacin da aka motsa murfin kwamfuta, ko wasu maɓallai suka daina aiki a tare, to shi ya kamata a fara tuhuma.

Gyaran yana bukatar natsuwa fiye da kayan aiki. Sai an cire batir tukuna, sannan a ɗaga ɗan makullin da ke riƙe bakin kebul ɗin a hankali, domin fizgarsa da ƙarfi ta fi komai ɓata shi. Wani lokaci datti ne kawai, kuma goge bakin da sifirit a mayar da shi daidai ya wadatar. In ba haka ba, a gwada layukan ɗaya bayan ɗaya da mitar gwajin lantarki har a gano wanda ya yanke, a kankare rufinsa kaɗan, a haɗa ɓangarorin biyu da siririyar waya da dalma, sannan a rufe wurin don kada ya taɓa na kusa da shi. A nan ne gwaninta ke bayyana, saboda kebul mai ruwan zuma yana jure zafi, amma farin na roba yakan narke da zarar ƙarfen dalma ya ɗan jima a kansa.

Sai dai ban yarda a faci kowane kebul ba. Wanda ya tsinke a daidai inda yake lanƙwasawa kullum zai sake tsinkewa, tunda dalma ba ta lanƙwasuwa, kuma kebul ɗin da ke kai hoto zuwa allo ba ya son faci ko kaɗan. Irin waɗannan gaskiya ita ce a sauya su, a tabbatar adadin layuka da tazararsu sun yi daidai, a kuma lura ko bakunan biyu fuska ɗaya suke kallo ko sun saɓa.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna an zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a faɗin duniya a 2022. Shi ya sa nake roƙon jaridarka ta ware shafi inda ƙwararrun masu gyara za su riƙa koyar da irin wannan aiki da hotuna, domin masu koyon sana'ar su amfana.

Wassalam,
Mai karanta jaridarka a kullum.