Malama, Ga Abin Da Muke Nunawa A Madadin Rijiya

Assalamu alaikum Malama. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ƙafar nan ta yi sauƙi.

A taron ƙungiyoyin mata da aka yi ta intanet makon jiya, kin kama sunana a gaban jama'a kika ce: "Kai da kake riƙe wa wata ƙungiya littafin kuɗi a Amurka, faɗa mana. Wanda aka ba kuɗin rijiya zai nuna rijiya. Mu da gwamnatin jiha ta ba tallafin hana cin zarafin yara, me za mu nuna? Kuma wannan tulin takardun da ake nema, ba lokacin yaran muke cinyewa ba?" Layi ya katse ina tsakar kame-kame. Tunda a bainar jama'a aka yi tambayar, bari in amsa a bainar jama'a.

Kin taɓo inda ke ciwo. Mai aikin riga-kafi nasararsa ita ce abin da bai faru ba. Yaron da ba a ƙona wa hannu ba, ba shi da tabon da zai nuna wa kwamishina. Yarinyar da maƙwabci bai samu damar jan ta soro ba, babu wanda ya san an tsare ta, har ita kanta. To aikin da ba ya barin gini a ƙasa, takarda ce kaɗai shaidarsa. Idan ta yi ƙarya ko ta ɓata, ba a iya bambance ƙungiyarku da ta wanda ya kama ɗakin taro a otal, ya raba lemo, ya ɗauki hoto, ya soke sauran a aljihu.

Ga yadda abin yake a nan. Dokar da ake kira CAPTA, ta hana cin zarafin yara da kula da waɗanda aka cutar, shugaba Nixon ne ya sa mata hannu a 1974. A sashenta na biyu akwai kuɗin da aka keɓe wa riga-kafi a cikin unguwanni. Gwamnan kowace jiha yana zaɓen hukuma ɗaya ta zama uwar kuɗin, ita ke karɓa daga tarayya ta rarraba wa ƙananan ƙungiyoyi irin tamu, ita kuma ake tuhuma in an samu matsala. Kashi 70 cikin ɗari ana raba wa jihohi gwargwadon yawan yaransu. Kashi 30 kuwa sai jiha ta nuna a rubuce nawa ta tara da kanta bara, ba daga tarayya ba, ta bi da shi ta hannun waccan hukuma. Ban da haka, dole jiha ta ɗora nata kashi 20 cikin ɗari a kan abin da aka ba ta, kuɗi tsaba, ba aron mota ko ofis ba. Kin ga ke nan jihar da littafinta ya yi dameji, da hannunta ta rage wa yaranta rabon baɗi.

Rahoto iri biyu muke bayarwa, na kuɗi da na aiki. Na kuɗin ba shi da wata dabara, haƙuri kawai yake ci. Kuɗin tallafi ba ya cakuɗa da na karo-karon 'yan ƙungiya. Kowace dala da ta fita akwai rasit, akwai wanda ya nema, akwai wani daban da ya amince. Ma'aikaciyar da ake biyan rabin albashinta daga tallafin sai ta rubuta sa'o'in da ta yi wa wannan aiki. Bayan an miƙa rahoton ƙarshe, takardu na zama a ajiye shekara uku. Ƙungiyar da ta kashe dala miliyan ɗaya na tarayya a shekara sai odita na waje ya shigo ya bincike ta. Kafin Oktoban 2024 dala 750,000 ne iyakar.

Ni ma na sha. A shekarata ta farko mun sayi katin sayayya muka raba wa iyaye mata masu jego don madara da kunzugu. Wallahi kowace ta samu nata, da idona na gani. Amma ban sa kowa ta sa hannu ba, na ga kamar cin fuska ne ka ba mace mai buƙata abu sannan ka miƙa mata biro. Da mai duba mu ta zo daga jiha, ba ta ce mun ci ba. Ta ce ba ta da abin da za ta nuna wa na sama da ita. Daga kuɗin da jama'a suka ba mu sadaka muka mayar. Kwana biyu ban iya haɗa ido da shugabarmu ba. A daren nan na tuna ke ce kika koya mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Ba a ce a rubuta don ɗayansu ɓarawo ne ba.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka nan aljanna ce. A jihar Misisifi, a 2020, oditan jiha ya bankaɗo yadda aka karkatar da kuɗin tallafin iyalai matalauta, wani asusu daban da namu, ta hannun ƙungiyoyi masu zaman kansu. Binciken da ya biyo baya ya kai lissafin kimanin dala miliyan 77, har da miliyan biyar da suka tafi ginin filin wasan ƙwallon raga a wata jami'a. Shugaban hukumar jin daɗin jama'a na lokacin ya amsa laifinsa a kotu. Takarda ba ta hana su ci ba. Amma ita aka bi sawu har aka kai kansu.

Rahoton aiki shi ne ainihin tambayarki, kuma nan gizo ke saƙar. Jarabar da ke damun mu duka, nan da gida, ita ce ƙirga kawuna. "Mun wayar da kan mutum dubu biyar." Wa ya gwada kan kafin a wayar, wa ya gwada bayan nan? Mu abin da ake nema a wurinmu, iyali nawa, ba tare da an ƙirga gida ɗaya sau biyu ba. Ziyara nawa aka kai wa kowane. Nawa suka fara, nawa suka kai ƙarshe, waɗanda suka bari me ya sa. Sannan akwai 'yan tambayoyi da uwa ko uba ke amsawa ranar farko, su sake amsawa bayan watanni: in rai ya ɓaci akwai wanda za ki kira? In abinci ya ƙare kin san inda za ki? Jariri ya yi ta kuka da dare, me kike yi? Ba mu iya auna dukan da bai faru ba, amma muna iya auna abubuwan da aka san suna tare shi. Dokar CAPTA ma ta wajabta a sa iyaye da kansu cikin tsara aikin da auna shi, kuma tsakani da Allah su suka fi mu faɗin gaskiya a kan abin da ba ya aiki.

Wataƙila ki ce me ya haɗa madara da kuɗin haya da cin zarafi. Alƙaluman tarayya na 2022 sun nuna yara sama da dubu 550 aka tabbatar an cutar da su a Amurka, kusan 2,000 suka mutu, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka cutar sakaci ne, ba duka ba. Sakaci kuwa sau da yawa ɗan'uwan talauci ne da kaɗaici. Uwar da ta bar yaro shi kaɗai a ɗaki ta tafi aikin dare ba lacca take buƙata ba.

Abin da ba na rubutawa shi ne "mun rage cin zarafin yara a garin nan da kashi kaza." Ba ni da hurumin wannan magana, ke ma ba ki da shi. A garin Elmira na jihar Niyok, wani mai bincike, David Olds, ya fara gwaji a ƙarshen shekarun 1970, ma'aikatan jinya suna ziyartar mata masu cikin fari a gida har yaro ya shekara biyu. Sai da aka bi iyalan shekara 15 aka ga cewa cin zarafin da aka tabbatar a gidajen da aka ziyarta ya ragu da kusan rabi. Shekara 15, Malama, da masu bincike da rukunin kwatantawa, wato iyalan da ba a ziyarta ba. Mu tallafin wata 12 aka ba mu. Duk wanda ya kawo miki irin wannan sakamako a wata 12, a teburinsa ya ƙera shi.

Akwai kuma abin da zai iya tayar miki da hankali a banza. In aikinku ya kama, ƙorafin da ake kawowa zai ƙaru, ba raguwa zai yi ba. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya gano yara shida cikin goma a Nijeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18, kuma ƙalilan ne ke samun taimako. Ga kuma dokar kare yara da Kano ta samu a 2023, shekara 20 bayan ta tarayya. Idan bara mutum uku suka je wurin mai unguwa, bana ashirin, ba lalacewa unguwar ta yi ba, "a rufa asiri" ne ya fara sakin wuyan mutane. Ki rubuta haka ɓaro-ɓaro a rahoton, kafin wani jami'i ya karanta lambar a juye.

Sai amanar yaran. Don Allah kada sunan yaro, ko hotonsa, ko layinsu ya shiga rahoto. Lamba ake ba kowane iyali, littafin da ke haɗa lamba da suna yana cikin durowa a kulle, mutum biyu suka san makullin. A nan doka ce. A gida, inda rahoto kan kwana a teburin masinja, ya fi doka muhimmanci. Yarinyar da aka sa hotonta don a burge ma'aikata, ita za ta zauna a unguwar har ta isa aure.

Game da cin lokaci kuwa, ba zan yi miki musu duka ba. Akwai fom ɗin da nake cikewa da na tabbata babu mai karantawa. A 2021, da majalisar Amurka ta ƙara wa asusun riga-kafin nan dala miliyan 250 lokacin korona, fiye da ninki uku na abin da aka saba bayarwa a shekara, ƙananan ƙungiyoyi irin tamu da takardu muka fi shan wuya, ba da aikin ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mafita ita ce kada ke da masu ziyarar gidaje ku zama akantoci. A nan ƙa'ida ta yarda ƙungiya ta ɗauki har kashi 15 cikin ɗari don gudanar da ofis. Ku ma ku sa ladan mai riƙe littafi a cikin kasafin tun farko, a fili, ku kare shi ba tare da jin kunya ba.

Abu ɗaya ne zan roƙe ki a gaban kowa. In wani ya ce ki sa hannu kin karɓi miliyan biyar alhali huɗu suka shigo asusu, "sauran na manya ne," kada ki sa. Ranar bincike manyan ba su san ki ba, sunanki ne a bauca.

Ki sa sakatariyarku ta turo min hoton takardar da aka ba ku tallafin da ita, da ranar da aka ce ku kawo rahoto. In babu takardar, da baki aka yi, to wannan shi ne aikin ranar Litinin: ku koma ma'aikatar ku nemi a rubuta. Ni kuma zan zana muku shafi biyu, ɗaya na kuɗi ɗaya na iyalai, wanda za a iya cikewa da biro ko babu wuta.

A gaida mutanen gida.

Ɗalibinki na aji shida, wanda kika sha kora saboda rashin jan layi a littafin lissafi.