Zuwa ga manoma masu kiwon turke a ƙasar Daura

Assalamu alaikum.

Muna gaida iyayenmu da 'yan'uwanmu masu kawo mana shanu daga Sandamu, Zango, Ɓaure, Mai'adua da ƙauyukan kewayen Daura. Allah ya sa wa turke albarka.

Daga wannan kakar, duk san da za mu saya sai ya hau sikeli kafin a fara ciniki. Za mu rubuta farashin kilo a allo a bakin ƙofa, mu riƙa sabunta shi kowane mako gwargwadon kasuwar kudu da kuɗin tirela.

Dalilinmu ba ɓoyayye ba ne. Manomi ya sayi bijimi da bazara, ya yi huɗa da shi duk damina, bayan kaka ya ɗaure shi yana zuba masa harawa da dusa da kowar wake har wata uku ko huɗu. Ranar Lahadi ya kai shi kara a Mai'adua. Mai saye ya zagaya shi, ya dafa tozo, ya matsa gindin wutsiya, ya taya. A ce albarka, ya ƙara kaɗan, ya yi tafiyarsa. La'asar na yi, mai sa ya fara lissafin kuɗin motar komawa da dusar wani mako, sai ya sallama. Mu da ke loda shanu zuwa Legas mun san naman da sa zai bayar a mahauta. Wanda ya sha wahalar kiwonsa kuwa ƙiyasi kawai yake yi. Ido ma yana ruɗi: Rahaji mai dogon ƙafa da manyan ƙaho yakan cika fuska, amma sau da yawa Bokoloji mai kumari ya fi shi tsoka.

Dillalai su kwantar da hankalinsu, la'adarsu tana nan yadda aka saba. Dillali ne ya san mai dabba da gidansu, shi ke tsayawa in magana ta taso, kuma sikeli ba zai yi wannan aikin ba.

Roƙo ɗaya dai: kada a ɗura wa sa kanwa da ruwa a daren kawo shi. Wanda muka ga cikinsa ya yi tim, zai kwana a wurinmu, a auna shi da safe. Haka kuma in an yi masa allura kwanan nan, a faɗa mana, domin akwai maganin da sai ya fita daga jiki kafin a yanka. Mai tari ko mai dalalar miyau, a fara kai shi wurin likitan dabbobi.

Maganar shaida kuma ba sassauci. Kowa ya tuna 2021, lokacin da gwamnatin Masari ta hana fitar da shanu a mota daga jihar Katsina, ta kuma dakatar da cinikinsu a kasuwanni da dama, har da Mai'adua, saboda satar shanu. Mai gaskiya da maras gaskiya duk suka ɗanɗana. Saboda haka san da bai zo da shaidar mai unguwa ko dillalin da muka sani ba, ba za mu karɓe shi ba ko da rabin kuɗi ne.

Biya a ranar ne, hannu da hannu ko ta banki, yadda mutum ya fi so. Wanda awo bai yi masa ba, ya kama igiyarsa ya wuce kara, ba za mu karɓi ko sisi na awon ba. Muna buɗewa Alhamis da Asabar bayan sallar asuba, mu tashi da azahar.

Wassalam,
Naku, masu sayen shanun turke a Daura