Godiya ga Malaman Dajin Soldiers Delight, Waɗanda Suka Mutunta Mahaifina

Zuwa ga ma'aikatan gandun Soldiers Delight da ke Owings Mills a jihar Maryland ta Amurka, da kuma Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa ta jihar, wadda gandun yake ƙarƙashin kulawarta.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na riga na aika muku 'yar takardar godiya da Turanci, layi biyar kacal, amma ba ta ɗauke abin da ke raina ba. Shi ya sa na sake zama na rubuta wannan da harshen da na tashi da shi, don 'yan'uwana da ke zaune a ƙasar nan da waɗanda ke gida su ji abin da kuka yi wa tsohona.

Mahaifina ya zo wurina a watan Yuni don a yi masa aikin yanar ido. Shekarunsa 74. Ya yi sama da shekara talatin yana malamin gona a ƙauyukan da ke kewayen Zariya. Mutum ne wanda in ya sauka daga babur a ƙauye ake rige-rigen shimfiɗa masa tabarma, a kawo fura, dagaci da kansa ya zo ya zauna ya ji me ya zo da shi. Wannan mutumin ne ya sauka a nan ya zama kamar ba a ganinsa. A wani ofis da muka je cike takardu, matar da ke kan tebur ta yi ta tambayata game da shi yana tsaye a gabanta: yana jin Turanci kuwa, ya san ranar haihuwarsa, zai iya sa hannu? Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuta rahoto da Turanci! Bai ce uffan ba. Da muka fito ya ce, "Uwata, rabu da ita, ba ta sani ba ne."

Abin da ya karya shi ya faru ne a wani lambun furanni da muka biya kuɗi masu kauri muka shiga, ba zan ambaci sunansa ba. Tun daga ƙofa wani mai gadi yake bin mu a baya, ina jin babbar rigar Baba ce ta tsone masa ido. Baba ya kai hannu ya taɓa ganyen wata shuka, taɓawa kawai, irin ta manomi, sai mutumin nan ya daka masa tsawa a gaban jama'a kamar ya kama ɓarawo. Har yara suka juyo suna kallo. Baba ya sauke hannunsa a hankali ya ce mu tafi gida. Daga ranar ya daina fita. Kullum yana bakin taga da carbinsa da 'yar rediyonsa. Idon ya warke sarai, likita ya ce ya riƙa tattaki, amma ina! Maganarsa ɗaya ce: "Ki nema mini tikiti in koma. Ƙasar nan ba ta tsofaffi ba ce." Allah ne kaɗai ya san kukan da na sha a cikin mota a hanyar zuwa aiki.

Ban zaɓi gandunku don na san wani abu game da shi ba. Yana kusa da mu ne, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Da ƙyar na lallashe shi muka je wata Asabar a ƙarshen Satumba.

Muna barin inda ake ajiye motoci, muka ɗan taɓa tafiya, sai daji ya buɗe. Baba ya tsaya cak. Watanni uku yana kallon dogayen itatuwa masu duhun ganye da ciyawar ado da ake aske wa kai duk mako, sai ga fili fetal, tsakuwa a warwatse mai launin kore-kore, ciyawa tsayin gwiwa ta fara yin ja, da 'yan gajerun itatuwa a karkace kamar sun sha fari. Ya ce, "Ikon Allah. Uwata, wannan ai fako ne." Rabon da in ji wannan muryar tasa tun a gida. Kafin in ankara ya sauka daga kan hanya, ya tattare rigarsa, ya tsuguna, ya damƙi ƙasa yana murzawa a tafin hannu, ya kuma tumɓuke ɗan tushen ciyawa yana duba saiwarta.

A daidai lokacin na hango wata ma'aikaciyarku da kakinta tana nufo mu. Gabana ya faɗi. Na ce shi ke nan, yau ma an maimaita, kuma wannan karon mu ne da laifi, don ga allo can an rubuta kada a bar kan hanya, kada a tsinki komai.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaishe shi tukuna, shi ɗin, ba ni ba. Sannan ta tsuguna a gefensa a bakin hanyar, ta dubi ƙasar da ke hannunsa ta ce, "Yallaɓai, me ka gani a cikinta?" Baba ya dube ta na ɗan lokaci kamar bai yarda da kunnensa ba. Ya ce mata ƙasar nan ba ta da zurfi, dutse yana kusa, ba ta riƙe ruwa, kuma akwai abin da ke damunta bayan rashin taki, don ko gero da ke haƙuri da kowace ƙasa ba zai yi a nan ba. Ta ce wallahi ya faɗi daidai, ta tambaye shi aikin me ya yi. Da ya gaya mata, sai ta ce to lallai yau ta samu wanda za ta yi hira da shi. Sai bayan wannan ne ta roƙe shi, cikin ladabi irin na 'ya da uba, ya mayar da ciyawar gurbinta ya dawo kan hanya, ta ce akwai tsirran da tafin ƙafa ɗaya kan iya gamawa da su. Baba ya mayar, ya danna ƙasar da babban yatsansa yadda ake yi wa dashe, ya ce, "Kin yi gaskiya, 'yata. Ni ma haka nake hana yara shiga gonar gwaji."

Dokar nan ɗaya ce da ta wancan lambun. Ita ma ba ta sassauta ko kaɗan ba.

Ta bi mu kusan awa guda. A bakinta muka ji cewa dutsen da ke ƙarƙashin wurin shi ake kira sapantin, wai don korensa da santsinsa sun yi kama da fatar maciji. Ƙasar da ke fita daga jikinsa maganiziyam ya yi mata yawa, kalsiyam ya yi mata kaɗan, ga kuma ƙarafa irin su nikel da kuromiyam da yawancin tsirrai ba sa jurewa. Saboda haka manyan itatuwa suka ƙaurace mata, suka bar wa ƙananan da suka iya wuya. A wannan fili mai kimanin eka 1,900 akwai tsirrai sama da iri 39 da ake lissafawa cikin masu wuyar samu ko masu fuskantar ɓacewa. Ta nuna mana wani ɗan farin fure mai siraran rassa da ake kira serpentine aster, wanda kusan ba ya fita sai a irin wannan ƙasa, da wasu dogaye masu launin shunayya da malam-buɗe-littafi ya yi wa caa. A gefen wani ɗan rafi ta nuna mana fringed gentian, shuɗi kamar an tsoma shi a baba, bakin kowane ganyen furen da geza kamar ta rawani. Ta ce sai da rana yake buɗewa, in hadari ya rufe sama sai ya naɗe kansa. Baba, da sabon idonsa, ya daɗe a sunkuye a kansa, hannayensa biyu a bayansa.

Ciyawar da ya tumɓuka kuwa, ya ce mata ta yi masa kama da gamba, wadda muke saƙa zana da ita, sai dai wannan gajeriya ce. Ta ce ai dangi ne, sunanta little bluestem. Daga nan hira ta kai inda ba zan manta ba. Ta fito da hoton wani ɗan fure mai ruwan hoda a wayarta, sandplain gerardia, wanda gwamnatin tarayyar Amurka ta sa cikin jerin masu fuskantar ɓacewa tun 1988, kuma ba a samunsa sai a 'yan wurare ƙalilan a gabashin ƙasar. Ta ce ba za ta kai mu inda yake ba, ba a kai kowa. Ta ce furensa kwana ɗaya yake yi ya faɗi, kuma saiwarsa takan maƙale a saiwar ciyawa ta riƙa tsotsar abinci daga jikinta. Baba ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da fuskarsa. Ya ce, "Wannan ai ɗan'uwan wuta-wuta ne!" Ya ba ta labarin wuta-wuta, wato ƙuduji, yadda yake kama saiwar dawa da masara tun yana ƙarƙashin ƙasa, kafin manomi ya ga furensa ya riga ya shanye gonar. Ya faɗa mata sunansa na kimiyya, Striga. Ta riƙe baki, ta ce tabbas gida ɗaya suka fito a ilimin tsirrai. Baba ya yi dariya har da ƙwalla. Shekara talatin yana yaƙi da wani, ya tsallako teku ya tarar hukuma na gadin ƙaninsa. Ita kuma ta ciro ɗan littafinta ta rubuta "wuta-wuta", ta sa shi ya maimaita mata har ta iya faɗa.

A kan maganar wuta ne suka ɗan ja. Ta ce da gangan kuke cinna wa filin wuta lokaci-lokaci, bisa tsari, da ma'aikata da kayan kashe gobara a tsaye. Baba ya ɓata rai, don shi rabin aikinsa hana ƙona daji ne. Ta bayyana masa cewa mutanen asali na ƙasar, tun kafin zuwan Turawa, suna ƙona wannan fili don farauta, kuma wutar ce ta riƙe shi a buɗe. Da aka daina, sai wani itacen fayin da ake kira Virginia pine ya mamaye, ya yi inuwa, ganyensa ya taru ya canja ƙasar, furannin da ke son rana suka fara mutuwa. Yanzu sai an sare shi an bi da wuta. Baba ya yi shiru, can ya ce makiyaya ma a wurinmu kan ƙona don sabon tofo ya fito, shi abin da ya ƙi shi ne wutar da ba ta da mai ita. Ta ce ita ma ita ta ƙi. Ba ta nuna masa ta fi shi sani ba, shi ma bai janye duka ba, kuma haka suka rabu kowa na girmama kowa.

Sauran abubuwan duk lafiya lau. Hanyoyin ƙafa kusan mil 7 da alamominsu, ɗakin baƙi tsaf, mun leƙa bakin tsohon ramin Choate inda aka haƙi ma'adinin kuromiyam a zamanin Isaac Tyson, attajirin haƙar ma'adinai, lokacin da ma'adinan wannan yanki suke ciyar da mafi yawan kasuwar duniya tsakanin 1828 da 1850. Baba ya yi azahar a gefen mota, ba wanda ya zo ya tsaya masa a ka.

A hanyar komawa ne abin ya dame ni ta wata fuskar. Fako ne fa. Ƙasar da ba ta noma, ba ta kiwon kirki. Amma an zauna an ce abin da Allah ya tsirar a kanta yana da haƙƙin zama, an ɗauki mutane ana biyansu albashi, ga 'yan sa-kai na ƙungiyar Soldiers Delight Conservation suna ba da ranakun hutunsu suna saran fayin. Mu kuwa gandun daji nawa muka sani a gida da aka shata tun zamanin iyayenmu, yau an yanka shi fulotai ko an mayar da shi buhunan gawayi? Baba ya lissafa mini guda huɗu da ya sani da ƙafarsa, babu ko ɗaya da ya rage. Tsirran da kakata ke aikenmu tsinkowa a bayan gari don magani, yau ko sunansu yaranmu ba su sani ba, balle a ce wani ya ƙirga su ya rubuta. Malamin dajin da ya rage ba shi da babur, ba shi da albashi a kan kari, to me zai tsare?

Kuma ba daji kaɗai ba. Je ka ofis, a can ko a nan, ka ga yadda ake karɓar tsoho. A gida sai a tambaye ka wa ya aiko ka kafin a amsa sallamarka, a bar dattijo a kan benci tun safe har la'asar saboda takardar fanshonsa, a ce ya dawo jibi. A nan kuma a yi maka murmushin da bai wuce leɓe ba, ana kallon rigarka ana yanke maka hukunci. Wuraren da suka karɓi kuɗinmu da yawa su ne suka fi wulaƙanta mu. Ku da ba ku karɓi ko sisi ba, ma'aikaciyarku ta durƙusa a kan tsakuwa don ta yi daidai da tsayin mahaifina.

Ban rubuta sunanta ba don ban nemi izininta ba, amma ku kun san wadda ta yi aiki ranar. Don Allah ku isar mata cewa Baba ya ɗage tafiyarsa da wata guda, kuma kafin ya koma mun sake zuwa gandun sau uku, bai ƙara sauka daga kan hanya ba ko sau ɗaya. Yanzu yana Zariya. Duk wanda ya zo yi masa barka da dawowa sai ya ji labarin malamar dajin da ta iya cewa wuta-wuta. Jiya da muka yi waya ya tambaye ni ko kun sa wutar bana, ya ce in kun sa in je in duba masa abin da ya fara tofowa.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku ƙarfin gwiwa.

Taku,
'yar wani tsohon malamin gona, daga yankin Baltimore.