Takardar Koke Kan Gyaran Fadar Hidi da Hanyoyin Dutse na Sukur

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Madagali, Gulak, Jihar Adamawa.

Ta hannun Mai Martaba Hidin Sukur.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu dattawa da mata da matasan Sukur Sama da Sukur Ƙasa muke kawo kukanmu gabanka, don kai ne hukuma mafi kusa da mu.

Ka san garinmu. Yana bisa duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru, kuma mai zuwa fada sai ya hau da ƙafa. A shekarar 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, wuri na farko ke nan a Najeriya da ya sami wannan matsayi. Abin da ya jawo mana shi kuwa aikin hannun kakanninmu ne: fadar Hidi da aka gina da dutse kan dutse ba tare da siminti ba, da hanyoyin da aka shimfiɗe da fale-falen duwatsu tun daga gindin tsauni, da gonaki masu hawa-hawa da ke riƙe ƙasa kada ruwan damina ya kwashe ta. Akwai rumbuna da masussukai, akwai ramukan da ake ɗaure wa da dutse a turke bijimi a ciki har ya yi ƙiba. Ga kuma kufan wuraren narkar da tama, daga zamanin da ƙarfen Sukur ke kaiwa har Borno.

Garin nan ya sha wuya ba sau ɗaya ba. Kakanninmu sun ga hare-haren Hamman Yaji, hakimin Madagali, kafin Turawa su tuɓe shi a 1927. Mu kuma mun ga na Boko Haram a ƙarshen 2014, lokacin da aka cinna wa gidaje wuta, har fadar ba ta tsira ba. Jinka ta ƙone, amma dutse bai ƙone ba, shi ya sa da muka dawo muka tarar da abin ɗorawa a kai.

Abin da ke hana mu barci yanzu, ranka ya daɗe, shi ne maginan. Ginin dutse ba tare da laka ko siminti ba sana'a ce ta ido da hannu. Magini zai juya dutse sau uku kafin ya gane fuskar da zai kwanta a kai, ya cusa ƙanana a tsakani, ya bar wa ruwa hanyar fita. Ba a koyon wannan a aji, sai a gefen wanda ya iya. Waɗanda suka iya sun tsufa, samarinmu kuma suna Mubi da Yola wajen neman abin sawa a baka, ba kuwa laifinsu ba ne. Duk katangar da ta zube a damina, ƙara wuyar samun mai tayar da ita ake yi.

Ba za mu ɓoye maka ba, a cikinmu ma akwai masu son kwano da bulo. Wanda ya taɓa tsayawa yana kallon jinkarsa na ci da wuta, ba ka da bakin hana shi rufin kwano a gidansa. Amma fada da hanyoyin dutse daban ne. Idan aka liƙe katangar da siminti, ruwa zai rasa mafita ya taru a bayanta har ya ture ta, kuma abin da baƙi ke hawa tsauni su gani ya tafi ke nan.

Don haka muna roƙon duk wani aikin gyara da za a yi a fada ko a hanyoyin dutse, a damƙa shi ga maginan Sukur ƙarƙashin kulawar Hidi da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, kada a kawo ɗan kwangila da buhunan siminti. Muna roƙon ƙaramar hukuma ta ware ɗan alawus ga samarin da za su zauna su koyi sana'ar a hannun dattawa, ko da na rani ɗaya ne a fara gani. Hanyar motar da ke kawowa gindin dutsen ma tana son gyara kafin ruwa ya sauka.

A ƙarshe muna gayyatarka ka hawo da kanka, kafin bikin Yawal mai zuwa. Za mu nuna maka wuraren da suka zube, maginan kuma su faɗa maka da bakinsu kwana nawa aikin zai ci.

Allah ya ja zamaninka.

Mu ne naka,
Dattawa, mata da matasan Sukur Sama da Sukur Ƙasa.